Toshe Talla Daga Tushe: Darasi a Kan Sunayen Intanet, Kwantena da Gungun Kwamfutoci

Duk wanda ya saba buɗe shafukan labarai a wayar hannu ya san cewa labarin ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin rubutu ya gama bayyana, hotunan talla sun riga sun mamaye sama da ƙasa, wani lokaci ma bidiyo ya kama motsi ba wanda ya neme shi. Kowanne daga cikinsu yana cin data, kuma mai wayar ne ke biyan kuɗin. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani, wato 'yan ƙananan shirye-shirye masu bin diddigi, waɗanda aikinsu shi ne kai rahoton shafin da aka buɗe da lokacin da aka buɗe shi da irin wayar, zuwa ga kamfanonin da mai karatu bai taɓa jin sunansu ba.

Maganin da aka fi sani shi ne sanya manhajar toshe talla a cikin burauza. To amma wannan burauzar kaɗai take karewa. Ba ta san da talabijin mai haɗe da intanet ba, balle wasannin da ke cikin wayar yara. Wannan darasi zai duba wata hanya da ke tsare gida, ko ɗakin kwamfutoci na makaranta, daga wuri guda, da yadda masu sha'awar fasaha ke gudanar da ita cikin kwantena a kan gungun kwamfutoci. Za a ga cewa toshe tallar ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana ga ranar da mai toshewar ya faɗi.

Yadda kwamfuta ke neman adireshi

Kwamfutoci ba su san juna da suna ba, sai da lamba. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lambobi, kamar 8.8.8.8. Ɗan Adam kuwa ba ya iya haddace irin waɗannan lambobi da yawa, don haka tun farko aka ga buƙatar littafin da zai haɗa suna da lamba. A shekarun 1970, zamanin ARPANET, wato kakar intanet, littafin fayil guda ne tak mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiya ta Stanford Research Institute a Amurka ke kula da shi a ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler. Kowace kwamfuta sai ta kwafo fayil ɗin lokaci zuwa lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa, wannan tsari ya gagara. A shekarar 1983 Paul Mockapetris, na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya fito da tsarin da ake taƙaita sunansa da haruffan DNS, aka sake inganta ƙa'idojinsa a 1987, kuma a kansa ake har yau.

Hikimar tsarin ita ce babu wanda ya riƙe littafin gaba ɗaya. A ƙaddara baƙo ya shigo ƙasar wani sarki yana neman gidan wani mutum, sai ya tura ɗan aike. A fada ba su san gidan ba, amma sun san hakimin yankin. Hakimi zai nuna dagaci, dagaci ya nuna mai unguwa, mai unguwa kuwa ya san ƙofar gidan. Haka abin yake idan ɗalibi ya rubuta buk.edu.ng a burauza. Wayarsa takan miƙa tambayar ga wata kwamfuta mai aikin ɗan aike. Ita kuma ta fara da kwamfutocin tushe, waɗanda ke da sunaye 13, daga harafin A zuwa M, ko da yake ainihin na'urorin da ke amsawa da waɗannan sunaye suna da yawa ƙwarai kuma suna warwatse a duniya. Su za su nuna mata masu riƙe da sunayen da suka ƙare da ng, waɗanda hukumar NiRA ke kula da su a Nijeriya, kamar yadda ne take ta Nijar. Daga nan a sauko mataki-mataki har a isa ga wadda ta san adireshin jami'ar. Duk wannan zirga-zirga ba ta cika kai daƙiƙa guda ba.

Ɗan aiken ba ya maimaita tafiya a banza. Kowace amsa tana zuwa da wa'adi, kuma yakan ajiye ta har wa'adin ya cika, ta yadda mai tambaya na biyu zai samu amsa nan take. Abu na ƙarshe da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, kowace hidima a kwamfuta tana da ƙofarta mai lamba, kuma ƙofar tambayar sunaye ita ce ta 53. Tambayoyin kan bi ta hanyar aika saƙo mai sauri da ake kira UDP, amma idan amsa ta yi tsawo sai a koma ga TCP. Wannan zai sake tasowa a gaba.

Ɗan aike mai ƙin zuwa wasu gidaje

Shafin labarai guda ba daga gida guda yake fitowa ba. Rubutun daga kwamfutar jaridar yake, amma tallar daga wasu kamfanoni ake ɗebo ta, kuma kafin a ɗebo ta dole waya ta tambayi adireshinsu. A nan dabarar take. Idan ɗan aiken gida yana riƙe da jerin sunayen kamfanonin talla, duk lokacin da aka tambaye shi ɗaya daga cikinsu sai ya ƙi tafiya, ya ba da amsar 0.0.0.0, adireshin da ba ya kai ko'ina. Waya ba za ta ma fara ɗebo hoton ba, don haka data ba ta ƙone ba. Sauran tambayoyi kuwa ya miƙa su gaba kamar yadda aka saba.

Manhajar da ta fi suna a wannan aiki ita ce Pi-hole, wadda Jacob Salmela ya fara a shekarar 2014. Rabin sunanta na farko daga Raspberry Pi aka ɗauko shi, wata 'yar kwamfuta mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, rabi na biyu kuwa yana nufin rami, wato inda tambayoyin talla ke faɗawa. An gina injinta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna dnsmasq ta Simon Kelley. Kyauta ce, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. Tana zuwa da jerin sunayen toshewa na Steven Black, mai ɗauke da dubban sunaye, kuma takan sabunta shi kowane mako. A watan Fabrairu na 2025 aka fitar da zubi na shida, wanda ya tattara saituna a fayil guda kuma ya haɗa shafin sarrafawa cikin injin kansa. Akwai kishiyarta, AdGuard Home, da ta fito a 2018, kuma kusan duk abin da za a faɗa a nan ya shafe ta.

Bayan an girka manhajar, saura abu ɗaya: a shiga saitunan rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, a gaya mata ta riƙa sanar da kowace waya da kwamfuta cewa ga adireshin ɗan aikensu. Daga wannan lokaci gidan duka ya rataya a wuyan manhaja guda. Idan ta mutu, layin intanet yana nan lafiya ƙalau, amma babu shafin da zai buɗu, domin babu mai faɗin adireshi.

Kwantena da gungu

Kalmar kwantena ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya ga tireloli suna tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Malcom McLean, shi ya yi fice wajen kawo wannan tsari, lokacin da jirginsa Ideal X ya tashi da akwatuna 58 a shekarar 1956. Amfanin akwatin shi ne mai ɗauka bai damu da abin da ke ciki ba, girma ɗaya ne, mariƙi ɗaya ne. Masana kwamfuta sun ari wannan suna. Kwantenar manhaja ƙunshi ce da ta haɗa shiri da duk abin da yake buƙata don ya yi aiki, a killace daga sauran shirye-shirye. Ba kwamfuta ce daban ba, domin duk kwantenonin suna amfani da zuciyar babbar manhajar Linux guda, wadda ke yanka wa kowace rabonta na ƙwaƙwalwa da lokacin aiki, ta kuma hana ta leƙa maƙwabta. Manhajar Docker, da ta fito a 2013, ita ta sauƙaƙa wannan har kowa ya iya. Ana sauko da samfurin kwantena daga wata taska a intanet, a tayar da shi da umarni guda, idan ya lalace a jefar a tayar da sabo.

Gungu kuwa kwamfutoci ne biyu ko uku ko fiye da aka haɗa su yi aiki kamar ɗaya. Mai lura da su shi ne Kubernetes, wanda kamfanin Google ya bayyana a 2014, kuma sunan kalmar Girkanci ce mai nufin matuƙin jirgin ruwa. Ba a ba shi umarni mataki-mataki. Ana rubuta masa yadda ake son abubuwa su kasance ne, misali a ce kwantenar Pi-hole guda ta kasance tana aiki kullum, shi kuma ya riƙa kwatanta abin da aka rubuta da abin da yake gani, yana gyara bambancin. Masu ɗakin gwaji a gida sun fi son wani ƙaramin zubinsa mai suna k3s, na shekarar 2019, domin yana iya tafiya a kan Raspberry Pi ko tsofaffin kwamfutocin ofis. Makarantar da ke da tsofaffin kwamfutoci uku a jibge a sito ta riga ta mallaki kayan aikin.

A ka'ida wannan ya dace da matsalar da aka ambata: kwamfuta ɗaya ta mutu, a tayar da ɗan aiken a kan wata. A aikace kuwa akwai tarkuna.

Adireshin da ba ya sauyawa, da ajiyar da ba ta ɓata

Duk lokacin da aka sake tayar da kwantena takan samu sabon adireshi na cikin gungu, alhali wayoyin gida suna buƙatar adireshi guda tabbatacce. Akan warware wannan da wata manhaja mai suna MetalLB. Ana ware mata adireshi daga cikin na gida, a ce 192.168.1.53, sai ta sa ɗaya daga cikin kwamfutocin gungun ta riƙa amsa kira da shi, idan wannan ta faɗi wata ta karɓa. Wajibi ne a cire wannan adireshi daga cikin waɗanda rauta ke rabawa, in ba haka ba wata rana za ta ba wa wayar baƙo shi. Sannan a buɗe ƙofa ta 53 ga UDP da TCP duka a kan adireshin guda. Wanda ya buɗe UDP kaɗai zai ga komai na tafiya, sai can ba zato wani shafi mai doguwar amsa ya ƙi buɗuwa, ya rasa dalili. A wasu nau'o'in Linux, kamar Ubuntu, akwai ma wani shiri da ya riga ya zauna a wannan ƙofa, kuma dole a daidaita shi idan kwantenar za ta yi amfani da ƙofar kwamfutar kai tsaye.

Wani abin mamaki da sababbin shiga kan tarar shi ne, shafin sarrafawa ya nuna musu cewa na'ura ɗaya ce ke yin duk tambayoyin gidan. Dalili shi ne Kubernetes, a saitinsa na asali, yakan goge adireshin mai tambaya ya sa na kwamfutar gungu kafin ya miƙa saƙon. Akwai saitin da ke hana wannan, kuma sai da shi ne za a iya yi wa wayar yara dokar da ta bambanta da ta manya.

Kwantena ba ta da tunani: an kashe ta, duk abin da aka rubuta a cikinta ya tafi. Don haka jerin toshewa da saituna, waɗanda Pi-hole ke ajiyewa a jakar /etc/pihole, dole a kai su wata ma'ajiya ta waje. A nan k3s yana da tarko. Ma'ajiyar da yake zuwa da ita tana kan faifan kwamfuta guda ce, saboda haka kwantenar ta ɗaure da wannan kwamfuta, kuma idan ta mutu ba inda za a kai ta. An gina gungu ke nan amma ba a samu amfaninsa ba. Ana iya amfani da manhaja irin Longhorn da ke kwafa ajiya a kan kwamfutoci da yawa. Abin da bai kamata ba shi ne a sa kwantena biyu su riƙa rubutu a ma'ajiya ɗaya, domin rumbun bayanan Pi-hole irin SQLite ne, kuma yana iya lalacewa idan aka yi masa rubutu daga kwamfutoci daban-daban ta kan waya. Ko da an gyara duk wannan, Kubernetes ba ya gaggawa. Bisa saitinsa na asali yakan jira kimanin minti biyar kafin ya yanke ƙauna daga kwamfutar da ta yi shiru ya tayar da kwantenar a wani wuri. Minti biyar ba intanet a tsakiyar jarrabawar gwaji ba ƙaramin abu ba ne.

Makulli a cikin ɗaki

Tarko mafi girma sai an ɗauke wuta yake bayyana, don haka ya fi shafar masu zama inda lantarki ba shi da tabbas. Kwamfutocin gungun su ma 'yan gida ne. Idan aka bar su su karɓi saiti daga rauta kamar kowa, to ɗan aikensu shi ne Pi-hole ɗin da ke zaune a kansu. Yanzu a ce wuta ta ɗauke, komai ya mutu, sannan ta dawo. Kubernetes ya tashi yana son tayar da kwantenar. Idan an rubuta masa cewa a yi amfani da zubi na baya-bayan nan ba tare da lamba ba, ɗabi'arsa ita ce ya fara tuntuɓar taskar samfura a intanet. Kafin ya tuntuɓe ta dole ya san adireshinta. Wanda zai faɗa masa adireshin kuwa shi ne kwantenar da bai tayar ba tukuna. An kulle ɗaki, makullin yana ciki.

Agogo ma na iya shiga cikin wannan da'ira. Raspberry Pi kafin zubi na biyar, na shekarar 2023, ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan babu wuta. Da ta tashi sai ta tambayi lokaci daga intanet, kuma masu ba da lokacin da suna ake nemansu. Idan babu mai fassara suna, agogon zai tsaya a baya, agogon da ke baya kuwa na iya sa kwamfuta ta ƙi yarda da takardun shaidar tsaro na wasu kwamfutoci.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne kawai. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, daga bayan la'asar a agogon Nijeriya har dare, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga intanet na kimanin awa shida. Kamar yadda kamfanin ya bayyana daga baya, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, sai kwamfutocinsa masu amsa tambayar suna suka janye kansu daga idon duniya. Abin da ya tsawaita matsalar shi ne yawancin kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su sun dogara ne da wannan tsarin sunaye da ya faɗi, har sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin.

Maganin a gida ba shi da tsada. Da farko a rubuta wa kwamfutocin gungu ɗan aike na waje da hannu, kamar 1.1.1.1 na Cloudflare ko 9.9.9.9 na Quad9, kada su dogara da abin da suke ɗauke da shi. Sannan a ambaci lambar zubin kwantena ƙarara, domin a yi amfani da kwafin da ke kan faifai. Mafi muhimmanci, a tanadi Pi-hole na biyu a wajen gungun baki ɗaya, ko da a kan ƙaramar Raspberry Pi ce mai jone da batiri tare da rauta, a ba wa rauta adireshin duka biyun. A nan mutane da yawa kan yi garin gyaran gira su rasa ido: sai su sa Pi-hole a gurbi na farko, su sa 8.8.8.8 na Google a na biyu, da zaton na biyun zai jira har na farko ya mutu. Na'urori da yawa ba sa bin wannan ladabi, sukan tambayi wanda suka ga dama, sai talla ta riƙa sulalowa jefi-jefi. Gurbi biyun duka dole su zama masu toshewa. Gaskiyar magana, ga gida mai waya biyar, Pi-hole biyu a kan ƙananan na'urori biyu sun fi gungu tabbas. Ribar gungun ita ce ilimin da ake samu wajen gina shi, kuma ga ɗalibi wannan riba ce ta gaske.

Iyakar abin da za ta iya

Wannan hanya suna kawai take gani, ba ta ganin abin da ke cikin saƙo. Tallar YouTube tana fitowa daga sunaye ɗaya da bidiyon kansa, don haka wanda ya toshe ta ya toshe bidiyon. Haka tallar da ke cikin Facebook da Instagram. Wasu na'urori kuma sun zo da adireshin ɗan aikensu a rubuce tun daga masana'anta, ba sa sauraren rauta. Tun daga 2018 an samu ƙa'idar ɓoye tambayar suna a cikin zirga-zirgar shafuka ta yau da kullum, kuma burauzar Firefox ta mayar da ita saitin asali ga masu amfani da ita a Amurka a 2020. Wayoyin Android, daga zubi na tara, suna da saitin da ke aika tambaya a rufe ta ƙofa ta 853. Duk waɗannan suna iya kewaye mai toshewa. A ɗaya gefen, jerin da ya cika tsanani yakan toshe abin da ake buƙata, kamar shafin biyan kuɗi, kuma sai an duba rajistar tambayoyi an yi wa sunan afuwa.

Hattara biyu sun rage. Kada a taɓa buɗe ƙofa ta 53 a rauta ga mutanen waje. Ɗan aiken da ke amsa wa kowa a duniya makami ne, domin mugu na iya aika masa gajerun tambayoyi da adireshin wani, shi kuma ya yi ta jibga wa wancan dogayen amsoshi. Da irin wannan aka kai wa ƙungiyar Spamhaus babban hari a watan Maris na 2013. Ta biyu kuwa ta amana ce. Rajistar Pi-hole tana nuna kowane suna da kowace waya ta tambaya, da sa'ar da ta tambaya. Mai riƙe da kalmar sirrin shafin sarrafawa na iya sanin wanda ya nemi shafin asibiti da tsakar dare. Manhajar tana da matakan sirri da ke ɓoye sunaye ko masu tambaya, kuma malamin da ya girka ta a makaranta ya kamata ya sanar da ɗalibai da abokan aikinsa cewa akwai wannan rajista, ya kuma taƙaita kwanakin da ake ajiye ta.

Gwaji a aji

Ba a buƙatar gungu kafin a fara. A kwamfuta guda mai Linux da Docker, malami ya tayar da kwantenar Pi-hole, ya rubuta adireshin kwamfutar a allo. Kowane ɗalibi ya buɗe tagar umarni a tasa kwamfutar, ya rubuta nslookup, sai sunan ad.doubleclick.net, sai 9.9.9.9, ya kwafi amsar a littafinsa. Ya maimaita, amma a wannan karo ya sa adireshin da ke allo a ƙarshe, ya kwatanta amsoshin biyu. Daga nan a saita kwamfuta ɗaya ta dogara da Pi-hole kaɗai, a buɗe shafin jarida, a ƙirga sunaye nawa suka bayyana a rajista da kuma nawa aka toshe. A ƙarshe malami ya kashe kwantenar ba tare da ya sanar ba. Ɗalibai su gwada buɗe sabon shafi, sannan su aika umarnin ping zuwa 9.9.9.9, su rubuta dalilin da ya sa na biyun ya samu amsa, na farkon kuwa bai samu ba.